Himeji, Matsumoto, Osaka ko Kumamoto: wace fadar Japan ce ta cancanci yininka?

Duk wanda ya sha wahalar neman bizar Japan, ya biya kuɗin jirgin da zai bi da shi ta Doha, Dubai, Santambul ko Adis Ababa, yakan sauka ne da kwanaki ƙidayayyu a hannunsa, ko aiki ne ya kai shi, ko karatu, ko kasuwanci. Idan ya samu yini ɗaya na kansa ya ce zai je ya ga ɗaya daga cikin tsofaffin fadojin ƙasar, sunaye huɗu ne za a fi ambata masa: Himeji, Matsumoto, Osaka da Kumamoto. A hoto dukkansu sun yi kama da juna, rufi bisa rufi, tushen duwatsu, ga ruwa zagaye. Amma abin da mutum zai taka da ƙafarsa a wannan ya sha bamban da na waccan, kuma wanda ya zaɓa da ka yana iya ƙarar da yini da kuɗi a wurin da bai dace da shi ba.

Waɗannan fadoji sarakunan yaƙi ne suka gina su, mafi yawa a ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17. Wanda ya san ganuwar Kano da ƙofofinta zai gane dabarar da wuri: gwalalo a waje, wato ramin da ke kewaye da ganuwa, wanda a Japan galibi cike yake da ruwa, sai bango, sai ƙofa bayan ƙofa, sannan a can tsakiya babbar hasumiya da suke kira tenshu. Yawancin hasumiyoyin sun salwanta. A 1615 gwamnatin gidan Tokugawa ta yi dokar da ta taƙaita kowane sarki ga fada guda, a 1873 sabuwar gwamnatin Meiji ta ba da umarnin rushe ko sayar da da yawa daga cikin waɗanda suka rage, sannan ruwan bama-bamai na 1945 ya ƙone wasu manya, ciki har da na Nagoya da Okayama. Yau hasumiyoyi 12 ne kacal suka rage da gininsu na dauri, kuma biyar daga cikinsu ne aka ba matsayin dukiyar ƙasa mafi daraja: Himeji, Matsumoto, Inuyama, Hikone da Matsue. Sauran da ake gani a birane an sake gina su ne, da yawansu da kankare da rodi.

Abubuwan da ya kamata a auna

Na farko shi ne asali da ƙarko, kuma a ganina shi ne ke yanke kusan rabin hukunci. Hasumiyar katako da ta shekara 400 a tsaye tana ba mutum duhu, ƙanshin tsohon itace da daɓen da ƙafafu suka goge har ya yi sheƙi, amma ɗakunanta kusan wayam suke. Wadda aka sake ginawa da kankare kuwa cikinta gidan tarihi ne na zamani, mai fitilu da akwatunan gilashi da bayanai. Sai mutum ya tambayi kansa tun yana gida wanne ya fi so ya gani, ginin da kansa ko labarin ginin.

Na biyu kuɗi, wanda ya ƙunshi tikitin shiga da kuɗin hanya, kuma sau da yawa na hanya ne ke cin aljihu. Tikitin shiga ya tashi a wurare da dama daga 2025 zuwa 2026, don haka yana da kyau a leƙa shafin intanet na fadar kafin a fita. Don a samu abin kwatance, yen 1,000, wato kuɗin Japan, ba ta kai dalar Amurka 10 ba.

Na uku sauƙi: nisan wurin daga inda mutum ya sauka, tafiyar ƙafa daga tasha, da kuma hawan benen. Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa da matakala masu tsayi, cunkoso, zafi ko sanyi, da girgizar ƙasa. Na biyar shi ne lambun da ke kewaye, domin mafi yawan sa'o'in ziyara a waje ake yin su, kuma ga mai iyali lambun yana iya fin hasumiyar amfani.

Himeji

Himeji tana lardin Hyogo, yamma da Osaka. Tun ƙarni na 14 akwai sansani a kan tudun, Toyotomi Hideyoshi, jagoran yaƙin da daga baya ya haɗa kan Japan, ya gina hasumiya mai hawa uku a 1581, amma ginin da ake gani yanzu aikin Ikeda Terumasa ne, surukin Tokugawa Ieyasu (wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa), wanda ya yi shi daga 1601 zuwa 1609. Saboda farin yaɓen da ya lulluɓe bangonta har da mahaɗar rufinta, Japanawa suna kiranta da sunan farin tsuntsun nan mai kama da balbela, kuma daga nesa lallai sai ka ce balbela ce ta buɗe fukafukai. A 1993 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Ta fuskar asali babu wadda ta kama ƙafarta. Abin da ya rage a nan ya wuce hasumiya guda, domin gine-gine fiye da 80 ne suke tsaye, da ƙofofi da ƙananan hasumiyoyi da dogayen baranda. An ƙone yawancin birnin Himeji a 1945 fadar ta tsira, haka ma girgizar ƙasar 1995 da ta ragargaza Kobe ba ta kayar da ita ba. An yi mata babban gyara daga 1956 zuwa 1964, inda aka kwance hasumiyar aka sake haɗa ta, sannan aka sabunta yaɓe da rufi daga 2009 zuwa 2015. Tsayin hasumiyar da tushenta na dutse ya ɗan haura mita 46. Daga waje rufi biyar ake ƙirgawa, a ciki kuwa hawa shida ne da ɗakin ƙasa, kuma manyan ginshiƙai biyu na itace masu tsayin kusan mita 25 ne suka ɗauki nauyin ginin. Maziyarci yana wucewa ta gefensu, yana iya ganin inda aka haɗa gungume da gungume a ginshiƙin yamma lokacin gyaran farko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da Himeji shi ne hanyar da ke kai mutum ga hasumiyar. Daga babbar ƙofa ana ganinta kusa kamar a miƙa hannu, amma hanyar sai ta karkata, ta ƙuntata, ta juya baya, wani wuri ma ta gangara alhali mutum yana tsammanin hawa. Wasu ƙofofin sai an sunkuya. A jikin bango akwai ƙananan kafofi kusan 1,000, wasu zagayayyu, wasu masu kusurwa uku, wasu huɗu, waɗanda aka tanada don bindiga da baka. Wanda ya bi hanyar nan a hankali zai fahimci yadda maginan suka yi nufin gajiyar da abokin gaba tun kafin ya kai gindin hasumiya, kuma wannan darasi ne da babu akwatin gilashin da zai koyar da shi.

Kuɗinta shi ne mafi tsada a cikin huɗun. An daɗe ana biyan yen 1,000, amma daga Maris 2026 babba wanda ba mazaunin birnin ba yana biyan yen 2,500, yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuwa kyauta, abin da ke rage wa mai iyali nauyi sosai. Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa mai gudun nan, Shinkansen, yana kai mutum daga tashar Shin-Osaka cikin kusan rabin awa, jirgin yau da kullum mai sauri kuma yana ɗaukar kusan awa ɗaya daga Osaka a kan kuɗin da ke kusa da yen 1,500. Daga Tokiyo tafiyar kusan awa uku ce. Da fitowa daga tasha fadar tana gaba sosai a ƙarshen wani miƙaƙƙen titi, tafiyar minti 15 zuwa 20.

Wahalar tana ciki. Babu lifta. A bakin hasumiya ana cire takalmi a sa a leda a riƙe a hannu, wanda ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba shiga masallaci, sai dai a nan da ledar a hannu za a hau matakala masu tsayi da ƙunci, hannu ɗaya kawai ya rage na kama ƙarfe. Safa tana santsi a kan katakon, a lokacin hunturu kuma daɓen yana da sanyi ƙwarai. Mai babbar riga ko doguwar abaya gara ya bar ta a masauki ranar, ko ya tanadi yadda zai naɗe ta. A hawa na ƙarshe akwai ƙaramin wurin bauta na addinin Shinto, kuma ba a neman maziyarci ya yi komai a wurin. Lokacin furen sakura, wato itacen ceri na Japan, da ranakun hutu layi yana tsawo, har akan tsayar da mutane a ƙasa sai na sama sun ragu.

A waje akwai faffadan fili da itatuwan sakura kusan 1,000, ga kuma sashen yamma da ke da alaƙa da gimbiya Sen, jikar Ieyasu, mai doguwar baranda da ta haura mita 200. Kusa da fadar akwai lambun Koko-en da aka buɗe a 1992, wanda ya ƙunshi ƙananan lambuna tara masu katanga, da tafkuna da kifaye. Wanda zai ga duka yana bukatar awa uku zuwa huɗu.

Matsumoto

Matsumoto tana cikin duwatsun lardin Nagano, a tsakiyar babban tsibirin ƙasar. Iyalan Ishikawa, Kazumasa da ɗansa Yasunaga, su ne suka gina hasumiyar wajajen 1593 zuwa 1594, wato ta girmi ta Himeji. Ana yi mata laƙabi da fadar hankaka saboda baƙin katakon da ya rufe jikinta, wanda ake sake shafa wa baƙin fenti na gargajiya kowace shekara. Hankakan Japan baƙi ne wuluk, amma da yake saman kowane hawa farin yaɓe ne, fadar ta fi kama da namu mai farin ƙirji. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aka gina ta, saboda haka gwalalonta yana da faɗi, kuma idan iska ta kwanta hasumiyar tana fitowa a cikin ruwan baki ɗaya, ga duwatsu masu ƙanƙara a bayanta.

Tarihin tsirarta abin a faɗa ne. A 1872 an yi gwanjonta da nufin rushewa, sai wani ɗan gari mai suna Ichikawa Ryozo ya jagoranci mutane suka shirya baje koli a cikinta har aka tara kuɗin fansarta. Daga baya ginin ya fara karkata, sai wani shugaban makaranta, Kobayashi Unari, ya tsaya aka yi gyara daga 1903 zuwa 1913. Abin da ya rage na asali a nan shi ne hasumiyar da ƙananan gine-ginen da ke manne da ita. Gidan sarki da ke farfajiyar ya ƙone tun ƙarni na 18, kuma ƙofofin da ake shiga ta cikinsu sababbin gini ne. Don haka ba ta da doguwar hanyar ruɗani irin ta Himeji.

Cikinta kuwa ya fi na Himeji nuna cewa don yaƙi aka yi ta. Tsayinta kusan mita 29 ne, rufi biyar a waje, hawa shida a ciki, kuma hawa na uku ɓoyayye ne, duhu ne a cikinsa, ba a gane shi daga waje. A hawa na biyu an jera tsofaffin bindigogin toka da kayan haɗinsu. A gefe guda kuma akwai wani ɗaki mai jan shingen baranda da aka ƙara a shekarun 1630, bayan yaƙe-yaƙe sun lafa, don zaman kallon wata, buɗaɗɗe ta ɓangarori uku. Taku kaɗan ne tsakanin ɗakin da aka yi don harbi da ɗakin da aka yi don hira, kuma wannan kusancin yana nuna yadda zamani ya juya cikin shekara 40.

Tikiti ya tashi daga yen 700 zuwa yen 1,200 ga wanda ya saya ta intanet, ko 1,300 a bakin ƙofa, tun Afrilu 2025. Kewayen gwalalo kyauta ne, kuma daga nan ake samun mafi kyawun kallo. Kuɗin hanya shi ne abin lissafi: jirgin Azusa daga tashar Shinjuku a Tokiyo yana ɗaukar kusan awa biyu da rabi ko ɗan fiye, kuma zuwa kaɗai ya haura yen 6,000. Daga Nagoya kusan awa biyu ne. Wanda ya sauka a Osaka ya yi mata nisa, sai dai idan zai kwana.

Haɗarinta matakala ne, kuma a nan babu sassauci. Wadda ke tsakanin hawa na huɗu da na biyar ta karkata da digiri 61, ta fi kusa da tsani, tazarar da ke tsakanin taki da taki tana da yawa, masu hawa da masu sauka kuma wuri ɗaya suke bi, ma'aikata suna tsaye suna ba da hanya bi da bi. Saukowa ta fi hawa wuya. Mai ciwon gwiwa, mace mai juna biyu da mai goyo, shawarata su tsaya a ƙasa, ba su yi asarar da yawa ba. Garin yana kan tudu, kusan mita 600 daga doron teku, don haka sanyinsa daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi na Osaka tsanani, furen sakura kuma yana jinkiri zuwa cikin Afrilu.

Osaka

A nan dole a faɗi gaskiya tun farko: hasumiyar Osaka ginin kankare ce ta 1931. Hideyoshi ya fara gina fadarsa a 1583 a inda babban wurin ibada na Ishiyama Hongan-ji yake a da, sojojin Tokugawa suka ƙone ta a yaƙin 1615, suka binne tushenta da ƙasa, suka ɗora sabuwa a kai daga 1620. Tsawa ta faɗa wa hasumiyar wannan a 1665 ta ƙone, wurin ya zauna babu hasumiya fiye da shekara 260, har mutanen birnin suka yi karo-karo aka gina ta yanzu. An yi mata kwaskwarima daga 1995 zuwa 1997. Wanda ya shiga yana neman tsohon katako zai fito da takaici.

Amma masu raina Osaka saboda wannan suna manta da abin da ke ƙasa. Ganuwar duwatsu da gwalalon na ƙarni na 17 ne, kuma babu irinsu a girma. A wani sashe bangon ya kai kusan mita 30 daga ƙasan ruwa. Kusa da ƙofar Sakura akwai dutse guda da ake kira Takoishi, wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya haura tan 100, fuskarsa ta fi faɗin ɗakin kwana uku, an jawo shi ne ta teku ba tare da inji ba. Babban mutum idan ya tsaya a gabansa sai ya koma kamar yaro. Akwai kuma ƙofar Otemon da wasu ƙananan hasumiyoyi na asali, kuma tun Afrilu 2025 an buɗe wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ganin sashen bangon Hideyoshi da aka binne.

Cikin hasumiyar gidan tarihi ne mai hawa takwas a kan rayuwar Hideyoshi da yaƙin da ya kawo ƙarshen gidansa, da sulke da takubba da wasiƙu, da bayani a kan wani babban zanen yaƙin 1615 mai ɗauke da dubban mutane. Lifta tana kai kowa hawa na biyar, tsofaffi da masu keken guragu kuma har na takwas, inda ake hango birnin daga tsayin kusan mita 50. Ba a cire takalmi. Tikiti yen 1,200 ne tun Afrilu 2025, bayan ya daɗe a 600, yara har zuwa ƙaramar sakandare kuma kyauta. Kuɗin hanya ga wanda ke cikin birnin 'yan ɗaruruwan yen ne, ta tashar Osakajokoen, Morinomiya ko Tanimachi 4-chome.

Lambunta ya fi na sauran ukun girma da walwala, ya haura hekta 100, shiga kyauta, da wurin zama da wuraren cin abinci da filin wasan yara. Gandun itatuwan ume, dangin sakura, fiye da 1,000 yana fure a Fabrairu zuwa Maris, sakura ta biyo baya, akwai kuma kwale-kwalen da ke zagayawa da mutane a gwalalon ciki. Girman nan shi ne kuma wahalarsa, domin daga kowace tasha sai an yi tafiyar minti 15 zuwa 20, da hawa a ƙarshe, kuma zafin Yuli da Agusta a Osaka mai gumi ne da ke galabaitar da ko wanda ya saba da ranar bazara tamu. Cunkoso kusan kullum ne, layin lifta ya fi kowane tsawo.

Kumamoto

Kumamoto tana tsibirin Kyushu a kudu. Sarkin yankin, Kato Kiyomasa, ya kammala ta a 1607, kuma an san ta da bangon da ke farawa a kwance sannan ya miƙe tsaye can sama yadda mai hawa ba zai kai ba. A 1877, lokacin tawayen da Saigo Takamori ya jagoranta a kan gwamnatin Meiji, hasumiyar ta ƙone, amma dakarun gwamnati suka jure ƙawanya fiye da kwana 50 a cikin ganuwar. An sake gina hasumiyar da kankare a 1960.

A Afrilu 2016 girgizar ƙasa biyu masu ƙarfi suka afka wa yankin cikin kwana uku. Kusan kashi uku cikin goma na ganuwar duwatsu suka zube ko suka gurɓace, kuma hoton wata ƙaramar hasumiya da ta rage a tsaye kan jerin duwatsun kusurwa guda ya zagaya duniya. An sake buɗe babbar hasumiyar a 2021 bayan an ƙarfafa ta, amma sauran aikin an tsara zai kai 2052. Maziyarci yana bi ta wata gadar ƙafa da aka ɗaga sama, yana kallon bangon da ya tsage da duwatsun da aka jera a fili, kowanne da lambarsa, ana jiran a mayar da shi gurbinsa bisa tsofaffin hotuna. Ina ganin wannan abin kallo ne mai daraja ga magini, injiniya ko duk wanda ya damu da yadda ake ceto kayan tarihi, musamman mu da muke ganin ganuwarmu ta ƙasa tana zaizayewa kowace damina.

Tikiti yen 800 ne, mafi araha, akwai lifta ga masu bukata, kuma daga tasha ƙaramin jirgin titi yana kai mutum kusa. Matsalarta nisa: kusan awa uku daga Shin-Osaka a Shinkansen, zuwa kaɗai ya haura yen 18,000. Daga Fukuoka kuwa, babban birni a tsibirin na Kyushu, ba ta kai awa ɗaya ba. Wasu sassa na farfajiyar a rufe suke, kuma za su daɗe a haka.

Kwatanci a taƙaice

| Ma'auni | Himeji | Matsumoto | Osaka | Kumamoto |
|---|---|---|---|---|
| Hasumiya | Ta asali, 1609 | Ta asali, wajajen 1594 | Kankare, 1931 | Kankare, 1960 |
| Tikitin babba | Yen 2,500 | Yen 1,200 ko 1,300 | Yen 1,200 | Yen 800 |
| Hanya | Awa 1 ko ƙasa daga Osaka | Kusan awa 2 da rabi daga Tokiyo | Cikin birni | Ƙasa da awa 1 daga Fukuoka |
| Lifta | Babu | Babu | Akwai | Akwai ga masu bukata |
| Cire takalmi | Ana cirewa | Ana cirewa | Ba a cirewa | Ba a cirewa |
| Babbar matsala | Matakala da layi | Matakala masu tsananin tsayi | Cunkoso da doguwar tafiya | Nisa da sassan da aka rufe |
| Lambu | Babba, ga Koko-en | Ƙarami, kyakkyawa | Mafi girma | Ana kan gyara |

Wasu abubuwa sun shafi dukkansu. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu lokacin sakura ne, mafi kyau kuma mafi cunkoso, haka ma hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da na tsakiyar Agusta. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba kuma guguwar teku tana iya tsayar da jiragen ƙasa. Nuwamba, lokacin da ganye ke ja, ya fi mini kowane wata. Ana rufe ƙofa da wuri, wajen ƙarfe biyar ko shida na yamma, kuma ana daina karɓar masu shiga kafin nan, wasu kuma suna rufewa na 'yan kwanaki a ƙarshen Disamba. Girgizar ƙasa ba ta da lokaci a ko'ina cikin Japan, abin yi shi ne bin umarnin ma'aikata da nisantar gindin bangon dutse idan ƙasa ta motsa. Game da abinci, naman alade da giyar girki suna shiga miya da yawa, don haka guzuri yana da amfani, musamman a ƙananan garuruwa. Osaka ce ta fi sauƙi wajen samun abincin halal da wurin salla.

Wa ya dace da wace?

Mai ƙafa lafiya da yini ɗaya tak, wanda yake son ya ga fadar Japan kamar yadda maginanta suka bar ta, ya tafi Himeji, ko da tikitin ya fi tsada. Ya isa kafin a buɗe ƙofa da ƙarfe tara, ya fara da hasumiya tun layi bai taru ba, ya bar lambu zuwa rana.

Wanda ya sauka a Tokiyo, yake son duwatsu da ƙaramin gari mai natsuwa, kuma hawan tsani ba ya ba shi tsoro, Matsumoto ce tasa, in da hali ya kwana domin ya ga fadar da sassafe da kuma da dare idan an haska ta. Mai ɗaukar hoto ma nan ya fi dacewa da shi.

Mai tafiya da iyaye tsofaffi, da ƙananan yara ko da keken guragu, da wanda awa uku kawai ya samu tsakanin taro da taro, Osaka ta fi masa, muddin ya san tun farko cewa dukiyar wurin tana jikin ganuwa da lambu. Kumamoto kuwa ta wanda aikinsa ya kai shi Kyushu ce, ko wanda sana'arsa gini ce, domin ban ga dalilin kashe kuɗin jirgi daga Osaka don ita kaɗai ba. Wanda ke Kiyoto yana son hasumiyar asali ba tare da turmutsutsun Himeji ba, ya duba Hikone a bakin tafkin Biwa, ƙarama ce mai hawa uku, da lambun Genkyu-en a gindinta, tafiyar ƙasa da awa ɗaya.

Mai kwana biyu a Osaka yana iya haɗa biyu ba tare da ya takura ba. Ranar farko ya yi sammakon Himeji, a hanyar dawowa ya sauka a Kobe, wadda ke kan layin jirgi ɗaya, ya yi salla a masallacinta da aka gina a 1935, mafi tsufa a ƙasar, wanda shi ma ya tsallake bama-baman 1945 da girgizar 1995. Washegari, da ƙafafu sun yi tsami, ya shiga lambun Osaka ta ƙofar Otemon, ya tsaya a gaban Takoishi, sannan ya hau lifta.